Sayen Kayan Ɗaki Na Hannu A Kudu: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Miƙa Kuɗinka

Duk wanda ya taɓa kama ɗakin haya a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya san yadda abin yake. Ka biya kuɗin shekara, ka biya na ejan, ka biya na takardar yarjejeniya, kafin ka karɓi makulli aljihu ya bushe. Ga ɗaki fayau, babu gado babu kujera. Idan kuma aure ne a gabanka, ko kai ne uban da zai yi wa 'yarsa kayan ɗaki, to lissafin ya ƙara tsawo.

Sabbin kaya kuwa sun yi tashin gwauron zabi tun 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, darajar naira kuma ta faɗi daga baya. Yawancin allunan da kafintoci ke aiki da su, da sinadaran yin soso, da ƙarafan durowa, daga waje ake shigo da su, don haka dala na motsawa su ma suna motsawa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma da yawanmu ma ba albashi muke ɗauka ba. Shi ya sa kayan hannu suka zama mafita, kuma babu abin kunya a ciki.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a kara na taso. Abin da na fara koya a can shi ne kuɗin da aka sallama maka sa ba shi ne kuɗin san ba. Sai ka ɗora la'ada, da kuɗin mota, da abinci, da magani idan ya zo da ciwo. Haka kujera take, haka gado yake. Wannan rubutu a kan wannan lissafin yake: farashi, da dako, da gyara, da kuma abin da kayan za su iya shigo maka da shi gida.

Inda ake samun su

Na farko, masu barin gari. A shekarun nan mutanen Kudu da yawa suna ƙaura zuwa Ingila da Kanada, su sayar da komai na gidansu cikin mako ɗaya ko biyu. Irin waɗannan kayan sukan fi kyau, domin ana amfani da su har ranar sayarwa, kuma mai su yana sauri. Za ka ga tallarsu a Jiji, da Facebook, da Instagram, da zaurukan WhatsApp na unguwa. Idan ka san mai gadi ko direba a rukunin gidajen masu hali, ka sanar da shi abin da kake nema, su ne ke fara jin labari.

Na biyu, ofisoshi da otal-otal da makarantu masu sauya kaya. A nan ake samun tebur mai ƙwari, da kabad ɗin ƙarfe, da gadajen katako. Sau da yawa 'yan gwanjo ne ke kwashewa gaba ɗaya, su kasa a bakin titi.

Na uku, su 'yan gwanjon da kansu, masu rumfa a bakin hanya da gefen manyan kasuwanni. Wasu kayansu na cikin gida ne, wasu kuma waɗanda aka shigo da su daga waje ne, irin wanda Yarabawa ke kira tokumbo, a Gabas kuma a ce Beljiyam. Amfaninsu shi ne suna da wurin zama, za ka iya komawa ka same su. Illarsu kuwa sun iya kwalliya: a shafa folish, a sauya yadi, tsoho ya koma kamar sabo.

Na huɗu, kafintan unguwa. Kusan kowane kafinta yana da aikin da aka ba shi aka kasa biya, ko tsohon gadon da aka bar masa bayan ya yi wa mai shi sabo. Ka tambaya kawai.

Na biyar, cikinmu. Akwai dillalai mata da ke yawo da labarin kayan ɗakin da ake son sayarwa, akwai ɗan'uwan da zai koma gida Arewa bai son wahalar ɗauka. Haka ma ɗalibai masu gama karatu, da masu bautar ƙasa idan sun kammala, da ma'aikatan bariki da aka yi wa canjin wurin aiki. Waɗannan sun fi sauƙin ciniki, don nauyi suke son saukewa.

Ka auna kafin ka fita

Ka sayi tef ɗin awo, bai kai kuɗin abincin rana ba. Ka auna tsawon ɗakinka da faɗinsa, ka auna faɗin ƙofa, da lungun da za a bi, da kwanar bene idan sama kake. A gidajen haya masu ɗaki na kallon ɗaki, lungun tsakiya ƙunci gare shi, ga risho da bokitai na maƙwabta. Kujera mai zaman mutum uku da ba ta shiga ƙofa ba, ko kyauta aka ba ka ta zama kaya.

Gado da ƙafa ake auna shi a nan: 6 da 6, 6 da 4 da rabi, 6 da 4, 6 da 3. A ɗaki mai ƙafa 12 da 12, gado 6 da 6 ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu, tun ba a sa wadirob ba, ba a bar wurin sallah ba. Ka auna cikin gadon da kanka. Gadajen da aka shigo da su daga waje wani lokaci awonsu bai yi daidai da katifun Vitafoam ko Mouka da ake samu a kasuwa ba, sai ka ga katifa tana yawo ko ta ƙi shiga.

Ka san irin katakon

A kara ba a sayen saniya don kyan fata, baki ake buɗewa a duba haƙora. A kujera, ƙashin ciki shi ne haƙoran. Yadi da soso ana sauya su, amma idan ƙashin ya ruɓe babu sauran magana.

Iroko, wanda muke kira loko, da mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, su ne masu nauyi da daɗewa. Loko musamman gara ba ta cika cinsa ba. Tsohon gadon loko mai shekara ashirin, ko ya yi baƙi ya koɗe, ya fi sabon gadon allo mai ƙyalli. Malaina matsakaiciya ce, ba ta da nauyi sosai, tana yin aiki idan ta bushe da kyau. Obece da araba, wato rimi, masu laushi ne, ƙwaro na son su. Ka ɗaga gefe ɗaya ka ji nauyi. Ka danna farce a wurin da ba fenti: idan ya shiga cikin sauƙi, katakon mai laushi ne.

Sai alluna. Filawud siraran katako ne aka manna bisa juna, idan ka dubi gefensa za ka ga layi-layi, kuma yana da ɗan juriya. MDF da HDF kuwa garin katako ne aka haɗa da gam aka matse. Yawancin wadirob da durowa masu sheƙi na zamani da su ake yi. A Kano ko Sakkwato za su iya daɗewa, amma a nan iska cike take da laima. Da zarar ruwa ya taɓa gindin MDF sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. Sannan idan aka kwance sukurunsa sau ɗaya ko biyu, ramin ya buɗe, ba ya sake riƙewa. Wanda ke zaman haya, da yau yana nan gobe an ba shi takardar tashi, ya yi tunani sau biyu kafin ya sayi wadirob ɗin MDF na hannu.

Wani abu da mutanenmu ba su cika lura da shi ba: katako yana shan laima yana kuma bushewa. Kayan da aka yi a Arewa aka ɗoro a mota zuwa Legas, da damina sai ka ga durowa ta ƙi buɗewa, murfi ya ƙi rufuwa. Wanda aka yi a Kudu aka kai gida kuwa, hunturu ɗaya ya isa ya tsage shi. Tsohon katako da ya shekara da shekaru a garin da kake ya riga ya saba da iskar wurin. Wannan ma riba ce ta kayan hannu.

Gadon ƙarfe da kujerun roba su ne abokan mai ƙaramin ƙarfi. A ƙarfe ka duba tsatsa a wurin walda da ƙafafu, musamman a garuruwan bakin teku inda iskar gishiri ke cin ƙarfe. A roba ka duba ko ta yi fari-fari don shan rana, irin wannan tana karyewa ba sallama.

Yadda ake dubawa

Ka je da rana, ka sa a fito da kayan fili. Kada ka yarda da duban cikin rumfa mai duhu. Ka kunna fitilar wayarka ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

1. Ka kifa kujerar ko teburin. Ƙasan shi ne wurin da mai kwalliya ba ya kaiwa.
2. Ka duba ƙafafu. Idan akwai layin da launi ya bambanta, inci uku ko biyar daga ƙasa, to ambaliya ta shige shi. Bayan ruwan Yuni da Yuli, da na Satumba da Oktoba, irin waɗannan kayan suna yawa a kasuwa.
3. Ka ƙwanƙwasa katakon da makulli. Idan ya yi amo kamar ganga, gara ta cinye cikin. Ƙananan ramuka kamar bakin allura da gari mai laushi a ƙasa alamar ƙwaro ne, kuma yana nan da rai.
4. Ka zauna da ƙarfi, ka jingina, ka girgiza. Idan ka ji katako a ƙarƙashinka, soso ya mutu. Idan tana ƙara tana rawa, mahaɗa ta saki.
5. Ka sa hanci. Warin fumfuna ko na fitsari da ya shiga soso ba ya fita, ko turaren wuta nawa aka sa. Idan kuma ka ji an fesa turare da yawa, ka tambayi kanka me ake ɓoyewa.
6. Ka buɗe kowace durowa har ƙarshe, ka fitar da ita, ka leƙa bayanta. Nan kyankyasai ke ajiye ƙwai.
7. Idan gado ne, ka sa a haɗa shi a gabanka, ka ƙirga noti da katakon shimfiɗa. Noti ɗaya na gadon waje zai iya sa ka yawon kasuwa kwana biyu.

Kujerar leda ta roba kuwa, idan ta fara ɓarewa ko kaɗan, cikin wata biyu za ta zube gaba ɗaya. Ka saye ta da kuɗin ƙashi kawai. Mutanen Fatakwal kuma, da baƙin hayaƙin da ke sauka a garin tun wajen 2016, ku guji farin yadi.

Kuɗin cizo

Wannan shi ne babban haɗari, don haka na ware masa wuri. Kuɗin cizo yana ɓuya a ɗinkin katifa, da mahaɗar gado, da ramin sukuru, da ƙarƙashin yadin kujera. Alamarsa ɗige-ɗigen baƙi kamar an ɗiga tawada, da ɓawon jikinsa, da ƙananan fararen ƙwai. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka kada a ruɗe ka da cewa kayan sun daɗe a ajiye. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kamar mako guda zuwa kwana 10, kuma yawancin magungunan feshi ba sa kashe ƙwan.

Idan ya shiga ɗaki ɗaya a gidan haya, sai ya bi bango ya zaga gidan. Daga nan rigima da maƙwabta da mai gida, kuma ka san yadda ake yi mana: ba za a ce wane ya kawo ba, cewa za a yi Hausawa sun kawo. Wanda zai zo neman ɗaki bayanka shi zai biya.

Shawarata ita ce katifa da matashi ka saye su sababbi, ko da ƙaramar katifa ce mai inci 6 a ƙasa bisa leda. Ka kuma kula da katifar da aka tara guntayen tsohon soso aka ɗinka mata sabuwar riga. Ka matsa ta wuri-wuri, idan wani wuri tauri wani wuri rami, ka bar ta.

Gado ko kujerar da ka saya, kada su wuce kai tsaye cikin ɗaki. A kwance su, a goge, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar ƙarfe da ta katako mai ƙwari (ban da allo), a shanya a rana mai zafi kwana biyu ko uku. Zafi na kashe shi har da ƙwan. Idan babu fili a gidanku, ka roƙi kafinta ya ajiye maka. Bayan kwana 10 ka sake dubawa.

Don Allah kada a fesa Sniper ko fiya-fiya a ɗakin kwana. Maganin gona ne, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni barkatai. Ƙwayar da ake sa wa buhun wake ko masara ta fi shi haɗari, iskar da take fitarwa tana kashe mutane suna barci, har da na ɗakin maƙwabta. Fetur da kananzir kuma gobara ce. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka nemo masu feshi da suka san aikinsu, a fitar da yara da abinci.

Ciniki da lissafi

Kafin ka taya, ka je wurin kafinta biyu ka ji nawa za su yi maka sabon irinsa. Wannan shi ne ma'auninka. Ga misali, alƙaluman nawa ne don a gane, ba farashin kasuwa ba ne: a ce sabuwar kujera 120,000, ta hannu an sallama maka 45,000. Dako 12,000, sabon soso da yadi da kuɗin aiki 35,000. Ka ga ta tashi 92,000. Ribar 28,000 ce kawai, kuma ba ka san abin da za a tarar idan an buɗe cikinta ba. Ƙa'idata ita ce idan jimillar ta haura kashi biyu cikin uku na kuɗin sabuwa, in haƙura, sai fa idan ƙashin loko ne ko mahogani.

Wajen tayi, kada ka nuna ka ƙwallafa rai. Ka nuna aibin da ka gani cikin ladabi, ka faɗi nawa gyaransa zai ci, sannan ka taya. Idan ya ce albarka, ka bar lambarka ka tafi. Mai barin gari da jirginsa saura kwana uku shi zai kira ka. Idan abu biyu ko uku za ka saya wuri ɗaya, ka haɗa su ciniki guda, dako ma ya zama guda. In da hali ka tafi da wanda ke jin Yarabanci ko Ibo, farashin baƙo daban yake. Idan da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun farko, a kuma san wa zai biya.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Duk wanda ya ce ka tura kafin alƙalami don ya riƙe maka kayan da a hoto kawai ka gani, ka ƙyale shi. Ka gani, ka taɓa, motar ɗauka tana tsaye, sannan ka biya. Idan gidan mutum za ka, kada ka je kai kaɗai, kada ka je da dare.

Don gyara, katako ya fi sauƙi a kasuwarsa, kamar ta Amu a Mushin ko ta Bodija a Ibadan. Ka sayi kayan aikin da kanka, ka biya kafinta kuɗin hannu.

Rasit da dako

Wannan ya shafe mu fiye da kowa. A jihohin Kudu, sashe na 427 na kundin dokar laifuffuka ya haramta karɓar kayan sata da sani, Legas kuma tana da tata dokar ta 2011 mai irin wannan tanadi. Kafin a kai ga tantance ka sani ko ba ka sani ba, ka riga ka kwana a caji ofis. Saurayi Bahaushe da kujera a bayan mota, idan 'yan sanda ko 'yan banga ko Amotekun suka tare shi, tambayar farko ita ce ina ka samo.

Saboda haka ka karɓi rasit, ko da a takardar littafi ce: sunan mai sayarwa, lambar wayarsa, kayan da aka sayar, kuɗin, kwanan wata, sa hannu. Ka ɗauki hoton kayan a wurin da ka saye su. Idan ta banki ka biya, ka ajiye shaidar. Idan yaron gida ko mai gadi ne ke sayarwa, ka nemi magana da mai kayan da bakinsa. Abin da aka kawo maka da dare a kan kwata na kuɗinsa, ka bar shi ko da kana so. 'Yan'uwanmu masu bola jari su ma su riƙe wannan, don su ake fara zargi.

Wajen ɗauka, ka gama magana da mai a-kori-kura tun kafin a ɗora: kuɗinsa ya haɗa da masu lodi, da hawa bene, da abin da 'yan tasha da yaran unguwa za su karɓa a hanya, ko kuwa? Ka tanadi leda ko tampol da igiya, ruwan Kudu ba ya ba da sanarwa. A Legas kasuwanni na tsaftar muhalli da safiyar Alhamis, ba a buɗewa sai wajen ƙarfe 10. A Anacha da Aba da sauran garuruwan Gabas, a 2021 an mai da Litinin ranar zaman gida a wurare da yawa, don haka ka bincika halin da ake ciki kafin ka sa ɗaukar kaya ranar.

Me za a fara saya

Ba dole sai ɗaki ya cika rana ɗaya ba. Ni a ganina ga tsarin: sabuwar katifa da leda ko kafet, sai wurin rataye tufafi don kada laima ta lalata su, sai kujerun roba biyu don baƙi, sai gado, saitin kujeru shi ne na ƙarshe. Ka ɗora ƙafafun komai a kan guntun tayil ko roba, ka bar tazarar yatsu huɗu tsakanin kaya da bango don iska ta wuce.

Ka tuna kuma zaman namu na haya ne. Mai gida na iya ƙara kuɗi, gwamnati na iya rushe layi, wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ya san mutum kan bar ɗaki da abin da hannunsa ya iya ɗauka kawai. Don haka ka fifita abin da ake kwancewa a ɗaure, wanda mutum biyu za su iya ɗauka, wanda kuma idan ta kama za ka iya sayarwa ka mai da rabin kuɗinka. Jarin da ya kamata ya juya a kasuwa, kada a kwantar da shi a falo.

Ga iyaye masu aurar da 'ya'ya: gado mai ƙwari na hannu da aka goge aka yi wa sabon folish, da sabuwar katifa a kai, babu mai gane shi ranar jere, kuma zai fi na allo daɗewa. Ya fi a ci bashin da za a shekara biyu ana biya.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a abin da muke nema.